Gary Kildall: Ya koya wa kwamfuta tashi, wasu suka kwashe ribar

Duk mai kwamfutar tafi-da-gidanka ya san irin wannan faɗuwar gaba. An danna maɓalli, fitila ta kawo, fanka na juyawa, tambarin kamfani ya bayyana a fuskar na'ura, daga nan komai ya tsaya cak. Kwamfuta ta kunnu amma ta ƙi tashi, ga kundin kammala karatu ko aikin ofis na wata shida a cikinta. In an kai ta wurin mai gyara, a Farm Centre ta Kano ne ko a Banex ta Abuja, matakinsa na farko kusan ɗaya ne: ya kashe, ya sake kunnawa, ya yi ta danna F2 ko F10 ko Esc har wani shafi marar ado ya buɗe. Sai ya ce ya shiga BIOS.

Wannan kalma mai haruffa huɗu ta fara bayyana ne a 1975, cikin wata manhaja da wani malamin makarantar sojan ruwan Amurka ya rubuta a wani ƙaramin gari na bakin teku a jihar Kalifoniya. Sunansa Gary Kildall. Kafin duniya ta san Windows, kafin ma kamfanin IBM ya ƙera kwamfutarsa ta tebur, manhajar wannan mutumin ce ke tafiyar da mafi yawan ƙananan kwamfutocin kasuwanci. Ya rasu a 1994 yana da shekara 52. Abin da akasarin mutane suka riƙe game da shi, in ma sun taɓa jin sunansa, shi ne tatsuniyar wanda ya tafi shawagi a jirgin sama ranar da arziki ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Tatsuniyar ta yi wa waɗanda suka yi nasara daɗi, shi ya sa ta yi tsawon rai.

Ɗan gidan matuƙa

An haifi Gary Arlen Kildall ranar 19 ga Mayu, 1942 a birnin Seattle da ke jihar Washington. Danginsa na wajen uba 'yan asalin Norway ne, sana'ar gidansu kuwa teku. Kakansa ya kafa makarantar koyar da tuƙin jiragen ruwa, mahaifinsa Joseph, wanda kyaftin ne, ya gaje ta. Gary ya ɗan koyar a makarantar, sannan ya bar gado ya shiga Jami'ar Washington da nufin zama malamin lissafi. A can kwamfuta ta ɗauke masa hankali. Ya yi digirin farko a lissafi a 1967, ya kammala digirin digirgir a kimiyyar kwamfuta a 1972.

Zamanin yaƙin Biyetnam ne, ana ɗibar matasa aikin soja. Kildall ya sauke wannan nauyi a aji, inda rundunar sojan ruwa ta tura shi koyar da hafsoshi a makarantarta ta gaba da digiri da ke Monterey. Binciken digirinsa ya shafi yadda manhajar da ke fassara rubutun ɗan'adam zuwa harshen na'ura za ta bi sawun bayanai ta yanke aikin da ake maimaitawa a banza. Takardar da ya gabatar kan haka a 1973 har yau ana koyar da ita a jami'o'i, dabarar kuma tana ɗauke da sunansa. Da a nan ya tsaya, da ya ƙare rayuwarsa farfesa mai mutunci wanda 'yan fanninsa kaɗai suka sani.

A ƙarshen 1971 kamfanin Intel ya fitar da 4004, ƙwaƙwalwar kwamfuta ta farko da aka dunƙule cikin ɗan guntun silikon guda aka kai kasuwa. An ƙera ta ne domin na'urar lissafi ta wani kamfanin Japan mai suna Busicom, kuma manyan masana na yi mata kallon abin wasan yara. Kildall ya ga tallarta a kan dala 25. Abin da ya fara rubuta mata shi ne lissafin neman hanya a teku, da tunanin ko mahaifinsa zai amfana. Bai daɗe ba ya zama mai ba Intel shawara a ranakun da ba ya aji, ya kuma rubuta masa PL/M, harshe na farko da ya ba mutum damar rubuta wa irin waɗannan ƙwaƙwalen manhaja ba tare da ya sauka zuwa tsurar lambobin na'ura ba.

Makulli a cikin ɗakin da aka kulle

Babbar damuwarsa ita ce ma'aji. A lokacin ana adana manhaja ne a kan dogon zaren takarda mai huji-huji, wanda karanta shi ke cin lokaci, ga saurin yagewa. Kamfanin Shugart ya ba shi wata tsohuwar na'urar karanta faifai mai faɗin inci 8, wadda aka gama gwaji da ita. Faifan na ɗaukar haruffa kusan 250,000, abin da yau bai kai hoto guda na wayar salula ba, amma a wancan zamani rumbu ne. Sai dai babu abin da zai haɗa na'urar da kwamfuta. Ta yi wata da watanni a ajiye, shi kuwa yana rubuta manhajar da za ta sarrafa ta, har abokinsa na jami'a John Torode ya zo ya ƙera masa mahaɗin.

Matsalar da suka fuskanta ita ce wadda kowace kwamfuta ke fuskanta duk lokacin da aka kunna ta. Tana bukatar manhaja kafin ta iya karanta faifai, manhajar kuma a cikin faifan take, tamkar makullin da aka manta a cikin ɗakin da aka kulle. Mafita ita ce a ba na'ura wani ɗan guntun umarni wanda bai san komai ba sai ɗauko farkon faifai, abin da ya ɗauko kuma ya jawo sauran. A 1974, a ɗakin ajiye kayan aiki da ke bayan gidansa a garin Pacific Grove, Kildall da Torode suka zuba manhajar daga zaren takarda zuwa faifai, suka tayar da na'ura daga faifan, ta amsa. Ya raɗa wa manhajar suna CP/M.

Ya kai wa Intel. Kamfanin ya riƙe PL/M, ya ce ba ya bukatar CP/M. Don haka Kildall da matarsa Dorothy McEwen, wadda suka san juna tun suna sakandare, suka kafa kamfaninsu. Sunan farko da suka ba shi, Intergalactic Digital Research, na barkwanci ne, kuma ya nuna irin halin mai shi. Daga baya suka rage shi zuwa Digital Research. Shi yana rubutu, ita tana riƙe da ciniki.

Nan aka zo ga abin da ya fi kowane aikinsa tasiri. Kowane mai ƙera kwamfuta yana da nasa tsarin faifai, nasa madannai, tasa na'urar buga takarda, kuma duk wanda ya sayi CP/M sai an sake yi masa kwaskwarima daga tushe. Da kamfanin IMSAI ya zo da tasa bukatar ta hannun Glenn Ewing, sai su biyun suka zauna suka tsame duk sassan da ke magana kai tsaye da ƙarfe da waya, suka tara su wuri guda. Wannan ɗan ƙaramin sashe shi ne BIOS. Aikinsa aikin tafinta ne: babbar manhaja ta faɗi abin da take so da harshe guda, tafinta ya juya shi zuwa yaren na'urar da ke gabansa. Mai ƙera sabuwar kwamfuta ba ya taɓa sauran manhajar, tafintansa kawai zai rubuta.

Sakamakon ya zarce abin da su kansu suka hango. Wanda ya rubuta manhajar buga wasiƙa ko ta lissafin kanti ya samu damar sayar wa masu kwamfutoci daban-daban ba tare da ya durƙusa wa kamfani ɗaya ba. WordStar da dBASE a kan CP/M suka yi suna. Osborne 1 ta 1981, kakar kwamfutocin tafi-da-gidanka, mai nauyin kilo kusan 11 da siffar keken ɗinki a cikin akwati, CP/M ce ke tafiyar da ita. Microsoft kansa, wanda a lokacin harsunan rubuta manhaja yake sayarwa, ya fitar da wani kati a 1980 da ke sa kwamfutar Apple II ta ɗauki CP/M, ya zama ɗaya daga cikin manyan abokan cinikin Kildall. Zuwa 1981 manhajar na aiki a kan nau'o'in kwamfuta kusan 3,000, kuɗin shigar kamfanin kuma ya haura dala miliyan 5 a shekara.

Mai gyaran da ya shiga BIOS a yau wannan rabe-raben yake bi, ko ya san mai shi ko bai sani ba. Da zarar wuta ta shiga, manhajar da ke zaune a kan babban allon cikin kwamfuta tana gwada ƙwaƙwalwa da sauran sassa. In tambari ma bai fito ba, sai ƙara ko ƙiftawar fitila, laifin na ƙarfe ne, galibi ram da ya motsa daga mazauninsa ko ya lalace. In shafin BIOS ya buɗe amma bai ga faifan ajiya ba, faifan ne ya mutu ko mahaɗinsa ya saki. In agogo ya koma wata tsohuwar shekara, ɗan batirin da ke riƙe da saituna ne ya ƙare. In kuwa faifan na nan cikin jeri amma Windows ta ƙi zuwa, to ko jerin wuraren da ake neman manhajar tashi ya hargitse, wataƙila saboda filash da aka manta a jiki, ko fayilolin tashin ne suka lalace. A wannan hali na ƙarshe bayanan mai kwamfuta yawanci suna nan lafiya, kuma mai gyara na ƙwarai zai tayar da ita daga filash ya kwashe su kafin ya yi maganar goge faifai. Gwajin sassa da zaman BIOS a kan allo ƙari ne da IBM ya yi daga baya, kwamfutocin yanzu kuma wani sabon tsari mai suna UEFI suke ɗauke da shi. Sunan da Kildall ya raɗa ne dai ya ƙi barin bakin mutane.

Ranar da IBM ya zo

A 1980 IBM, giwar kasuwar kwamfuta, ya yanke shawarar ƙera ƙaramar kwamfuta cikin shekara guda. Lokaci ya yi ƙaranci, don haka dole ya sayi manhaja a waje. Tawagarsa ƙarƙashin Jack Sams ta je wa Bill Gates, matashi ɗan shekara 24, shi ma ɗan Seattle, wanda ya san Kildall sosai. Gates ya shaida musu cewa CP/M ba tasa ba ce, ya kira Kildall a waya, ya tura su Pacific Grove a watan Agusta.

Kildall matuƙin jirgin sama ne, kuma da safiyar ranar ya tashi a jirginsa tare da abokin aikinsa Tom Rolander don kai wa wani abokin ciniki kaya a yankin Oakland. Ya bar baƙin a hannun Dorothy, wadda dama ita ke ƙulla yarjejeniya da masu ƙera kwamfuta. Mutanen IBM suka ajiye mata takardar alƙawarin riƙe sirri wadda ta ɗaure ɓangare guda: duk abin da suka faɗa sirri ne, duk abin da aka faɗa musu suna da 'yancin amfani da shi. Bisa shawarar lauyan kamfanin, Gerry Davis, ta ƙi sa hannu nan take. Kildall da Rolander sun tsaya a kan cewa sun dawo da rana an kuma yi zaman da shi, Sams kuwa ya ce bai tuna haɗuwa da shi ba. Daga wannan rana aka sassaƙa tatsuniyar sakaran da ya fifita shawagi a kan dukiya.

Abin da ya raba su ya fi jirgi nauyi. IBM na son biyan kuɗi dunƙule sau ɗaya, Digital Research kuwa kaso yake karɓa a kan kowane kwafi, kuma ba zai iya yi wa IBM rangwamen da bai yi wa sauran abokan cinikinsa ba. Sannan akwai laifin da ya kamata a ɗora wa Kildall kai tsaye: CP/M-86, wadda za ta dace da sabuwar ƙwaƙwalwar Intel da IBM ya zaɓa, ta makara ƙwarai, domin hankalinsa ya tafi ga wasu ayyukan da suka fi burge shi.

Wannan makara ce ta buɗe ƙofa. Tim Paterson, injiniya a wani ƙaramin kamfani mai suna Seattle Computer Products, ya gaji da jira, ya rubuta tasa manhajar a 1980, ya tsara ta yadda za ta amsa kira irin na CP/M kamar yadda littafin jagorarta ya bayyana. Microsoft ya karɓi lasisinta a kan dala 25,000, sannan a Yulin 1981 ya saye ta ɗungurungum da ƙarin dala 50,000, ba tare da ya bayyana wa masu ita cewa IBM ne mai saye ba. Daga baya sun kai ƙara, aka sasanta a 1986 a kan dala 925,000. Masu bin tarihin cinikin sukan kuma tuna cewa mahaifiyar Gates, Mary, tana zama a kwamitin wata babbar ƙungiyar agaji, United Way, tare da John Opel na shugabannin IBM. Iyawar Gates ce ta kai IBM ƙofarsa tun farko, amma uwa a gindin murhu ba ta taɓa rage wa kowa tuwo ba.

Da Kildall ya ga manhajar, ya gane fuskar 'yarsa a jikinta, ya fusata. Sai dai dokar haƙƙin mallakar manhaja a Amurka jaririya ce a lokacin, lauyansa kuma bai ga tabbacin nasara a kotu ba. IBM ya yi masa tayi: ya yafe ƙara, shi kuma zai sayar da CP/M-86 kafaɗa da kafaɗa da ta Microsoft, mai saye ya zaɓa. Kildall ya amince, yana ganin nagarta za ta yi halinta. Kwamfutar IBM ta fito ranar 12 ga Agusta, 1981 da PC DOS a kan dala 40. Da CP/M-86 ta biyo baya a 1982, farashinta dala 240 ne. An gama zaɓen tun kafin a buɗe rumfa.

Gates ya yi wani abin da ya fi wannan hangen nesa: ya riƙe 'yancin sayar da manhajar ga wasu kamfanoni. Abu guda da ya rage mallakin IBM shi kaɗai a cikin kwamfutar shi ne BIOS ɗinsa. Compaq ya kwaikwaye shi ta hanyar da doka ba ta kama shi ba, Phoenix ya fara sayar da nasa ga kowa a 1984, sai masu ƙera kwamfuta irin ta IBM suka cika duniya, kowannensu kuma MS-DOS yake saye. Dabarar raba manhaja da ƙarfe, wadda Kildall ya assasa, ita ta gina daular Microsoft, ta kuma raba IBM da kasuwar da ya buɗe, har ya sayar da sashen ga Lenovo na Sin a 2005. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bayan guguwa

Kildall bai talauce ba, bai kuma daina ƙirƙira ba. Kamfaninsa ya fitar da manhajojin da ke gudanar da ayyuka da yawa lokaci guda shekaru kafin Microsoft ya kai nan, ya kuma fitar da GEM a 1985, mai hotuna da linzami. Wani kamfanin da ya kafa ya zuba kundin ilmi na Grolier a faifan CD a 1985, lokacin da jama'a ba su san faifan da komai ba sai waƙa. Daga 1983 zuwa 1990 yana cikin masu gabatar da shirin talabijin na Computer Chronicles, inda ya riƙa nuna kayan abokan hamayyarsa cikin sakin fuska. Yana da ra'ayin cewa bai dace mai babbar manhaja ya shiga gasa da masu rubuta ƙananan manhajojin da suka dogara da shi ba. Microsoft bai ɗaure kansa da wannan igiya ba, Word da Excel shaida ne.

A 1988 Digital Research ya dawo fage da DR DOS, wadda masu sharhi da dama suka fifita a kan MS-DOS. Nan ta ci karo da bango. Microsoft na ƙulla yarjejeniyar da ke sa mai ƙera kwamfuta ya biya shi a kan kowace na'urar da ya fitar, ko da manhajarsa a ciki ko babu, wato duk wanda ya zaɓi DR DOS ya biya sau biyu. A cikin Windows 3.1 ta gwaji kuma, a ƙarshen 1991, an ɓoye wani umarni da ke nuna saƙon matsala idan ya tarar da DR DOS a ƙasa, ko da babu abin da ya lalace. A shekarar ce Kildall ya sayar da kamfanin ga Novell, ya koma kusa da Austin a jihar Texas, da motocin tsere da jirginsa, yana kuma taimaka wa yara masu ɗauke da cutar ƙanjamau.

Kuɗi bai warkar da mikin ba. Aurensa da Dorothy ya mutu tun 1983, kuma duk inda ya shiga tambayar jirgin nan ake yi masa. A 1992 Jami'ar Washington ta yi bikin cikar sashen kimiyyar kwamfuta shekara 25. Ta gayyaci Kildall, ɗaya daga cikin fitattun ɗalibanta, ya zauna cikin 'yan kallo, ta ba Gates, wanda bai yi karatu a can ba kuma bai kammala Harvard ba, babban jawabi. Abin ya yi masa ciwo har ya zauna rubuta tarihin rayuwarsa. A shekarun nan giya ta samu gurbi a rayuwarsa.

Ranar 8 ga Yuli, 1994 ya samu rauni a ka a wata mashaya da ke Monterey. Ya rasu a asibiti ranar 11 ga watan, aka binne shi a Seattle. Kwana huɗu bayan rasuwarsa, ranar 15 ga Yuli, Microsoft ya amince da sharuɗɗan Ma'aikatar Shari'a ta Amurka, ciki har da daina karɓar kuɗi a kan kwamfutocin da ba su ɗauke da manhajarsa. Kamfanin Caldera, wanda ya sayi DR DOS a 1996, ya maka Microsoft a kotu kan zargin danne gasa. An sasanta a Janairun 2000 a asirce, sai a 2009 takardun kotu suka nuna cewa dala miliyan 280 aka biya.

Gardamar ko an saci CP/M ba ta bi shi kabari ba. Paterson ya dage cewa bai kwafi layi ko guda ba, kuma binciken da masani Bob Zeidman ya yi a 2012 bai gano rubutun da aka kwafa ba. Amma ƙarar ɓata suna da Paterson ya shigar kan marubuci Harold Evans, wanda ya goyi bayan Kildall a littafinsa na 2004, kotu ta kore ta a 2007. Abin da babu jayayya a kansa shi ne kamannin: tsarin kiran manhaja, sunan fayil mai haruffa takwas da ɗigo da uku, da sa wa faifai harafi. Harafin C da ke kan faifan kowace kwamfuta mai Windows ta wannan hanya ya iso.

A Afrilun 2014 ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta kafa allon tunawa a gaban gida mai lamba 801 a titin Lighthouse, Pacific Grove, tsohon ofishin Digital Research. Bayan shekara biyu 'ya'yansa, Scott da Kristin, suka ba da izinin wallafa surorin farko na tarihin da ya rubuta, ta hannun gidan adana tarihin kwamfuta da ke Mountain View. Sauran surorin, waɗanda ya rubuta a shekarunsa na ɗaci, sun riƙe su a gida.